Mama Taraba: Daga Teburin Magatakarda Zuwa Majalisar Dattawa

Barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka fara zubi tare da su amma yau babu su.

Da kwamitin biki ya ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu kawo tarihin mace ɗaya da ta yi wa jama'a aiki, ba mu daɗe muna shawara ba. Duk wadda aka tambaya sai ta ce Mama Taraba. Amma da malamarmu ta ce, "To, me kuka sani a kanta?" sai muka yi tsuru-tsuru. Mun san hotonta a bayan Keke Napep. Mun san ta kusa zama gwamna. Daga nan kuma shiru. Haka muka yi ta tambayar manya, muna sa yara su duba mana a waya, muna jera shekaru a allo bayan mun tashi daga kasuwa. Abin da muka tarar ya taɓa wata matsala da ke cikin gidanmu, kuma za mu zo kanta a ƙarshe. Ku yi haƙuri da rubutunmu, hannun da ya saba da mudu ne ya riƙe biro.

Asalinta

Sunanta Aisha Jummai Alhassan. An haife ta ranar 16 ga Satumba, 1959, a nan Jalingo. A lokacin babu wata jiha mai suna Taraba. Jalingo gari ne na Sarkin Muri a ƙarƙashin Jihar Arewa. Sai a 1976 aka yi Gongola, sannan ranar 27 ga Agusta, 1991 aka raba Gongola biyu, muka samu Taraba, maƙwabtanmu suka samu Adamawa.

Akwai abin da yaranmu mata ya kamata su sani game da shekarar haihuwarta. A watan Disamba na 1959 an yi babban zaɓen da ya kai ƙasar nan ga samun 'yancin kai. Matan kudu sun jefa ƙuri'a, matan arewa ba a ba su dama ba. Irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha duka da ɗauri a kan neman wannan haƙƙi. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, macen arewa ta fara dangwala ƙuri'a, sannan a babban zaɓen 1979. Wato jaririyar da aka haifa lokacin da uwarta ba ta da ƙuri'a, ita ce daga baya ta nemi kujerar gwamna. Duk cikin rayuwar mutum ɗaya aka yi wannan.

Ba za mu ɓoye ba, ita ba 'yar talaka ba ce kamar yawancinmu. Daga gidan da ake ji da shi ta fito, yayanta ma ya riga ta zama sanata. Amma gidajen masu hali nawa ne a wancan zamani suka bar 'ya mace ta yi karatu har jami'a? Ita an bar ta. Ta karanci shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta zama lauya, ta yi alƙalancin kotun majistare. Ita ce mace ta farko da ta riƙe muƙamin Antoni Janar kuma Kwamishinar Shari'a ta Jihar Taraba. A watan Disamba na 2003 aka naɗa ta Babbar Magatakardar Babbar Kotun Birnin Tarayya, Abuja.

A nan muka tsaya muka tambayi malama, shin mene ne aikin magatakarda? Ta ce shi ne mai karɓar takardun ƙara, ya buga musu hatimi da kwanan wata, ya ba su lamba, ya karɓi kuɗin kotu ya rubuta, ya adana komai yadda ko bayan shekara goma aka nema za a samu. Alƙali ba ya iya zama sai magatakarda ya shirya masa. Wata tsohuwa a ajinmu mai sayar da daddawa ta ce, "Af, ashe sakatariya ce irin tamu!" Aka kwashe da dariya. Amma wallahi ba ta yi kuskure ba. Shekarun da Mama Taraba ta yi tsakanin fayil da rajista sun fi waɗanda ta yi a kan dandalin siyasa yawa nesa ba kusa ba.

Majalisar Dattawa

Tana da shekara 51 ta fito takarar sanata. Mu lura da wannan, mu da muke cewa mun tsufa da koyon baƙi da wasali don mun haura arba'in.

A 2011 ta nemi tikitin PDP na mazaɓar Taraba ta Arewa, wato Jalingo, Ardo-Kola, Lau, Karim Lamido, Yorro da Zing. A zaɓen fid da gwani ta kayar da sanata mai ci, Anthony Manzo. A babban zaɓe kuma ta kara da Rabaran Jolly Nyame, wanda ya tsaya a ACN, mutumin da ya yi gwamnan jihar nan har sau uku. Shi ma ta kayar da shi. Waɗanda suke kasuwa a lokacin sun tuna yadda maza suka riƙa cewa ai mace ba ta iya ja da tsohon gwamna. Ta ja, ta kuma yi nasara.

Majalisar Dattawa kujera 109 gare ta. Matan da suka zauna a cikinta tsakanin 2011 da 2015 ba su kai goma ba. Ita ɗaya ce daga cikinsu.

A nan ma mun koyi wani abu. Mu dai a wurinmu sanatan kirki shi ne mai rabon atamfa da shinkafa da azumi. Ashe aikin da aka zaɓe shi ya yi guda uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin. A majalisar da ta zauna ne aka zartar da dokar hana cin zarafin jama'a, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015. Wannan doka ta haramta dukan mata, da yi wa 'ya mace kaciya, da korar mace daga ɗakinta da ƙarfi, da wulaƙanta wadda mijinta ya rasu, da yin watsi da iyali babu ci babu sha. Da farko Abuja kaɗai ta shafa, sai kowace jiha ta ɗauka ta mayar da ita tata. Mu nawa ne muka taɓa jin labarinta? Atamfa ta daɗe da koɗewa, dokar tana nan a rubuce.

A watan Janairu na 2014 tana cikin sanatoci 11 da suka bar PDP suka koma sabuwar jam'iyyar APC. Daga nan ne hanyar takarar gwamna ta buɗe.

Shekarar 2015

Babu 'yar ƙungiyar nan da ta manta da wannan shekara. An yi zaɓen gwamna ranar 11 ga Afrilu. Da sakamakon wasu ƙananan hukumomi ya fara fitowa, gari ya ɗauka cewa Najeriya ta samu zaɓaɓɓiyar gwamna mace ta farko. Aka yi ta guɗa. Sai hukumar zaɓe ta ce zaɓen bai kammalu ba. Aka sake a wasu rumfuna ranar 25 ga Afrilu, aka bayyana Darius Ishaku na PDP a matsayin wanda ya ci.

Ita lauya ce, kotu ta nufa. Ranar 7 ga Nuwamba, 2015 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta zauna a Abuja ta ce ita ce gwamna. Dalilin kotun shi ne PDP ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tsara ba, domin a Abuja aka yi shi maimakon Jalingo, saboda haka kamar ba ta da ɗan takara ne. Ranar 31 ga Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci. Ta ce yadda jam'iyya ta fitar da ɗan takararta magana ce ta cikin gida, wanda ba ɗan jam'iyyar ba ba shi da hurumin kawo ƙara a kai. Ranar 11 ga Fabrairu, 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka, magana ta ƙare.

Ku duba fa. A kan ƙa'idar da ke rubuce aka ba ta kujerar, a kan wata ƙa'idar da ke rubuce aka karɓe. Mu muna nan muna ihu a bakin rumfa, can ana buɗe shafi ana karantawa.

Akwai kuma abin da ba mu cika son tunawa ba, amma tarihi ba a yi masa kwaskwarima. Zaɓen nan ya raba jihar nan ta fuskar addini da ƙabila. Bayan hukuncin watan Nuwamba an yi rikici a Wukari, an rasa rayuka. Mu ma a ƙungiyar nan iskar ta kaɗa mu. A cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai Mumuye, Fulani, Hausawa, Jukun, Wurkun da sauransu. Wasu sun zaɓe ta, wasu sun zaɓi Darius, kowa da hujjarta. An yi makonni mai doya ba ta gaida mai kifi. Wasu suka ce a raba kuɗi kowa ta kama gabanta. Da ranar taro ta zo ana ta hayaniya, kowa na faɗin abin da take ganin nata ne, sai sakatariyarmu ta wancan lokaci ta buɗe littafi ta fara karanto suna ɗaya bayan ɗaya: wance ta zuba kaza, ta ci bashin kaza, wance ce ta tsaya mata. Sai ga shi wadda ba ki gaisarwa ita ce ta tsaya miki lokacin da kika karɓi jarin manja. Jiki ya yi sanyi. Ba wa'azi aka yi mana ba ranar, littafi kawai aka karanta, kuma shi ya sa yau muke da abin yi wa biki.

Ministar Mata

Kwana huɗu bayan hukuncin kotun farko, ranar 11 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya rantsar da ita Ministar Harkokin Mata da Ci Gaban Al'umma. Abu uku muka zaɓo daga aikinta a can.

Na farko, 'yan matan Chibok. Ranar 14 ga Afrilu, 2014 'yan Boko Haram suka kwashe ɗalibai 276 daga makarantarsu a Jihar Borno. A watan Oktoba na 2016 aka sako 21, a watan Mayu na 2017 aka sako 82. Ma'aikatarta aka damƙa wa su a Abuja. Murnar dawowa ta kwana ɗaya ce, aikin da ya biyo baya shi ne mai wuya: likita, masu kwantar da hankali, haɗa su da iyayensu, da sake koya wa yarinyar da ta yi shekara uku a daji yadda ake zama a aji. A watan Satumba na 2017 aka kai su sama da ɗari Jami'ar Amurka da ke Yola don su ci gaba da karatu. Duk uwar da ta taɓa jinyar ɗa ta san irin wannan aiki ba a gama shi a gaban kyamara.

Na biyu, a watan Nuwamba na 2016 ma'aikatarta ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da aurar da yara ƙanana. Mun san a kan wannan ba bakinmu ɗaya ba, ko a ajinmu sai da aka yi musu. Amma ko waɗanda suka ƙi maganar sun yarda da abu guda: yawancinmu da ke zaune a bencin yaƙi da jahilci yau, aure ne ya fitar da mu daga firamare, ko ya hana a sa mu gaba ɗaya. Kowa ta yi wa 'yarta hisabi da wannan.

Na uku shi ne wanda ya shafi aljihunmu. A zamaninta aka fito da asusun tallafa wa mata da ake kira NAWEF, na naira biliyan 1.6, tare da Bankin Masana'antu, don bai wa ƙananan 'yan kasuwa mata bashin jari marar ruwa. An fara da wasu jihohi ne a matsayin gwaji. Abin lura shi ne hanyar da aka tsara: ta hannun ƙungiyoyin mata za a bi, kuma sai mace tana da asusun banki da lambar BVN. Wato macen da ba ta cikin rajistar kowa, ko ta fi kowa iya ciniki, gwamnati ba ta ganin ta.

A irin wannan lokaci ne, da maganar bashin gwamnati ta cika gari, wani mutum ya zo kasuwa da jaka da takardu, ya ce shi wakili ne, a biya kuɗin fom a dangwala yatsa. Da yawanmu muka biya. Ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Daga baya wata 'yar sakandare ta karanta mana ragowar takardar da ya bari, ashe babu sunan wata ma'aikata a jiki, babu hatimi, babu adireshi. Da ɗaya daga cikinmu ta iya karatu a ranar, da kuɗin cefanen sati bai tafi ba. Wannan abin kunya ne ya kai wasunmu aji.

Ƙarshen tafiya

Mama Taraba ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. A watan Satumba na 2017, tana minista a gwamnatin Buhari, ta faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa idan Atiku Abubakar ya tsaya takara a 2019, shi za ta mara wa baya. Wasu suka ce jarumta ce, wasu suka ce ba a cin tuwon mutum a yi masa haka. Har yau in aka tayar da zancen a rumfar masu hatsi sai an rabu biyu. A watan Satumba na 2018 APC ta hana ta shiga zaɓen fid da gwani na gwamna. Ta ajiye muƙamin minista, ta koma UDP, ta tsaya a 2019, ba ta yi nasara ba. Daga baya ta koma PDP inda ta faro. Masu sukar ta suna cewa yawan sauya sheƙa ya rage mata ƙarfi, kuma ba za mu ce ba su da abin faɗa ba. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Ta rasu ranar Juma'a, 7 ga Mayu, 2021, a wani asibiti a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, cikin goman ƙarshe na watan azumi, tana da shekara 61. Aka kawo ta gida Jalingo aka yi mata sutura. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata kurakuranta.

Har yau ba a zaɓi mace gwamna a Najeriya ba. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra na wata uku daga ƙarshen 2006, amma tsige gwamna aka yi ta hau daga kujerar mataimakiya. A 2023 Aishatu Binani ta gwada a Adamawa, ita ma ba ta kai ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi a ware wa mata kujeru. Ƙofar da Mama Taraba ta ƙwanƙwasa tana nan a rufe, sai dai yanzu kowa ya san ana iya isa bakinta.

Maganar cikin gida

To, iyayenmu da 'yan uwa, ga inda muka dosa. Sakatariyarmu ta sanar tun bara cewa idonta ya yi rauni, tana so ta huta. An yi taro biyu ana neman wadda za ta karɓa, kowa ta sunkuyar da kai. Kujerar shugaba kuwa, masu so sun yi yawa. Har an fara cewa a ɗauko ɗan wata ko mijin wata ya riƙa rubuta mana. Ba mu raina 'ya'yanmu da mazajenmu ba, Allah Ya saka musu. Amma ranar da yaron ya samu makaranta ya tafi fa? Ranar da aka samu saɓani tsakanin mai littafin da matarsa fa? Kuɗinmu ne, guminmu ne na rana da ruwan sama, bai kamata a ce sai mun yi aron ido kafin mu san nawa ya shiga nawa ya fita ba.

A ajin yamma kuma benci biyu sun zama babu kowa. Mun san dalili: ciniki ya fi kyau da la'asar, ga girki, ga gajiya, ga kunyar a ga uwar 'ya'ya shida tana haɗa baƙi. Mu ma duk mun ji wannan kunyar. Amma gemu ba ya hana ilimi, ɗankwali ma haka. Cikinmu akwai wadda bara ba ta iya rubuta sunanta ba, bana ita ke karanta saƙon banki a wayarta, ba mai ce mata kuɗi sun shigo alhali ba su shigo ba.

Roƙonmu uku ne. Kafin taro mai zuwa, a samu mata biyu da za su zauna kusa da sakatariya su koyi littafin tun tana da ƙarfin nuna musu. Duk wadda ta bar aji ta dawo, maƙwabciyar rumfarta ta duba mata kaya na awa ɗaya, gobe ita ma a duba mata. Sannan ku mazajenmu da ke sauraron wannan takarda, 'yar da ke aji shida ko sakandare, a bar ta ta ƙarasa. Wani uba ne a Jalingo ya bar tasa ta ƙarasa, shi ya sa yau muke da tarihin da za mu rubuta.

Mu 'yan aji mun riga mun fitar da mutum ɗaya daga cikinmu da za ta fara zama kusa da sakatariya ranar Asabar. Saura ɗaya.

Allah Ya albarkaci kasuwarmu, Ya ƙara mana haɗin kai, Ya ba jiharmu zaman lafiya. Wassalam.

Daga 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙungiya.